Malamin Dabbobin Da Ya Ajiye Wuƙarsa

Kafin mai shara ya gama da barandar asibitin dabbobi, Baba Malam ya riga ya buɗe firji. Yakan ɗaga ƙananan kwalabe ɗaya bayan ɗaya a hasken taga, ya duba kwanan wata, ya jera su cikin kula da ƙanƙara, ya ɗaure a bayan tsohon babur ɗinsa. Shekara talatin da uku ke nan yana fita da safe daga wannan ƙofa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Da wuƙa aka fara saninsa. Duk mai son bunsurunsa ko ragonsa ya daina faɗa da bin mata, ya yi ƙiba, wurinsa yake kawowa a yi masa dandaƙa. Hannunsa na da sauri, kuma shi kansa yana alfahari da hakan.

Wata damina wata tsohuwa ta jawo masa ragonta ɗaya tilo. Ya yi aikin yadda ya saba. Bayan kwana shida ciwon ya ci ruwa, tsutsa ta shiga, ragon ya mutu. Da ya je ba ta haƙuri, sai ta shimfiɗa masa tabarma ta ce, "Ɗana, ba laifinka ba ne, kwanansa ne ya ƙare." Ya sha faɗa mana, mu da muke aiki tare da shi, cewa da ta zage shi, da ya fi samun sauƙi.

Shi ya sa da labari ya zo cewa akwai allurar da ke kwantar da sha'awar namijin dabba ba tare da yanka ba, shi ne ya fara ba da sunansa a je koyo. A ajin, duk ya girme su. Abokan aikinsa suka yi ta zolayarsa. "Baba, za ka kashe sana'arka da hannunka?"

"Sana'ata lafiyar dabba ce," in ji shi. "Wuƙa kayan aiki ce kawai."

Masu kiwo ba su karɓa da sauƙi ba. Wani mahauci ya tare shi a bakin kasuwa, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Malam, abin da ya kashe wa bunsuru kuzari, in mun ci naman mu kuma fa?"

Aka bushe da dariya. Baba Malam ya hau babur ɗinsa. Ya koma gida ya yi wa bunsurayensa uku allura, ya sake yi musu ta biyu bayan wasu makonni. Da lokaci ya yi ya sa aka yanka ɗaya, ya aika aka kira mahaucin, ya zauna ya ci naman a gabansa, shi da manyan 'ya'yansa maza. Mahaucin ya shinshina, ya ce babu warin bunsuru, ya miƙa hannu.

Kai ne, Baba, ba ka taɓa ƙara wa allurar nan gishiri ba. Kakan ce sai an yi sau biyu take aiki, kuma ƙarfinta na raguwa bayan watanni. Wanda ya manta ranar allura ta biyu, sai ya ga babur ɗinka a ƙofar gida. Wanda ya kawo namijin da ya dace a bar shi don iri, kai ne kake hana shi, ko ransa zai ɓaci.

Watan jiya ne abin ya faru. Wani ango ya riƙe masa ɗan maraƙi, dabbar ta fizge, allurar ta nufi cinyar angon. Baba Malam ya san maganin yana iya taɓa haihuwar ɗan Adam ma. Ya ture angon da kafaɗa, tsinin ya shige tafin hannunsa na hagu. Babu wanda ya lura allurar ta soke shi. Zai iya yin shiru, domin ya san ƙa'ida: wanda allurar ta taɓa shiga jikinsa, ba zai sake riƙe ta ba. Ya kalli ɗigon jinin. Washegari ya je wurin likita, daga nan ya wuce ya faɗa wa shugabansa da bakinsa.

Matarsa ce ta ba shi dariya a ranar. "Malam, 'ya'ya bakwai da jikoki goma sha ɗaya, me kuma kake tsoron ya kwanta?"

Tun daga nan hannunsa bai ƙara riƙe wannan allurar ba. Yana tsaye ne a bayan abokan aikinsa yana gyara musu riƙo. "Ɗaure ƙafar tukuna. Ka kawar da mai dabba gefe. Yanzu soka."

Mun gode, Baba Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya zo da lafiya. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, duk ranar da aka kawo abin da ya fi wanda muka ƙware a kai, Allah ya ba mu zuciyar zama a aji da furfura.