Gurmin Kawu da Mawaƙiyar Japan

Gari bai gama wayewa ba muka bar Zariya, ni da Kawuna, yana rungume da gurminsa don ya ce ba mai sa masa shi a but ɗin mota. Kuɗin mota kuwa sai dai Allah Ya kawo sauƙi. A tashar Kawo muka sauka, muka karya da koko da ƙosai, ƙosan duk ya tsuke kamar shi ma tsadar ta taɓa shi.

Wata mawaƙiya 'yar Japan ce ta taso mu. Ba ta cikin manyan da kamfanoni ke tallatawa. A ƙananan gidajen shan shayi ta fara, har yau kuma a ɗakinta take naɗar waƙa, ta tura wa makaɗan da ba ta taɓa haɗuwa da su ba, wannan ya sa mata jita, wancan ya sa ganga. Ta ga wani tsohon bidiyon Kawu da na ɗora a intanet, ta nemi gurminsa a sabuwar waƙarta. Shi kuwa tun rasuwar mawaƙin da yake yi wa kiɗa tun suna samari, bai sake taɓa tsirkiya ba. Da ƙyar na shawo kansa. Ya ce in hannun ya ƙi a wannan karon, ya rataye gurmin ke nan.

Keke Napep ya kai mu wani ɗan situdiyo a Malali, bayan shagon tela. Aka maƙala wa Kawu abin ji a kunne, aka saki muryarta, siririya mai sanyi. Ya shiga, ya kuskure. Ya sake, ya riga ta. Har zufa ta jiƙa masa hula. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na ji kamar ni na jawo shi cikin kunya.

Ya cire abin ya ce, "Ɗan nan, ni ba murya nake bi ba. Kafaɗar mai waƙa nake kallo. In ya ja numfashi, nan ne wurina."

Na rubuta mata haka. Kafin mu dawo daga sallar azahar ta turo bidiyo, tana zaune a ƙasa, ta ja kyamara baya yadda kafaɗunta za su fito. Kawu ya ƙura mata ido. Kafaɗar na ɗagawa, ya zuba kiɗa. Bai fahimci kalma ɗaya ba, amma bai sake tuntuɓe ba har ƙarshe.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. Na yi ta tunanin yadda na ɗauka haɗa waƙa aikin na'ura ne, ashe sai wani ya yarda a ga inda numfashinsa yake yankewa. Mun wuce Jaji Kawu ya lumshe ido, har na zaci barci yake. Muna shiga Zariya ya taɓo ni.

"Ka tambaye ta," in ji shi, "tana da wata waƙar?"