Ruwan da Ya Zo ta Ƙeya

A ƙarshen damina, idan an fara cire gyaɗa, kakata Inna Dije takan hura wuta a tsakar gida bayan magariba, ta binne ɗanyar gyaɗa a toka. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na tsaron gefensa. "Ga ta nan tafe," in ji ta, "wanda ya yi gyangyaɗi kuma, rabonsa ɓawo."

Tatsuniyar Kurege ta fi yi mana. Kurege ya gaji da ruwa na jiƙa masa shanya, sai ya je ya durƙusa gaban Hadari. "Ranka ya daɗe, ka riƙa zuwa ta gabas, in hango ka in kwashe." Hadari ya yarda. Shekara da shekaru ko ƙwaya ba ta jiƙe ba. Wata shekara Kurege ya yi ƙaura zuwa ƙasa mai nisa. Ya baza gyaɗarsa, ya harɗe yana kallon gabas. Ruwa ya sauko masa ta ƙeya.

"Ai mun yi alkawari!" in ji Kurege.

A nan Inna takan kumbura murya irin ta Hadari: "Da wa? Wancan yayana ne. Ni ban san ka ba." Mu yi ta dariya har da faɗuwa.

Makon jiya ban yi dariya ba. A Cheras nake zaune, can ƙasar waje a gabas mai nisa, sana'ata kilishi. Matar Malam Bashir ta haihu, suna ranar Asabar. Shi ne ɗalibin da ya ba ni wurin kwana lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba, don haka na ce kilishin suna a bar mini. Ya sanar da kowa.

Litinin na sayo nama a kasuwar Chow Kit, na yanka, na shanya a saman bene, rana kamar wuta. Talata hayaƙi ya rufe gari, naman ya ƙi bushewa. Laraba gari ya washe. Na tsoma shi a labun gyaɗa da yaji na mayar sama.

"Baban Sadiya, a sauko da naman nan kafin ka ta da salla," in ji matata Hauwa.

Na leƙa gabas, fes. "Hauwa, a gona aka haife ni. Kya koya mini hadari?"

Ina sallame la'asar na ji maƙwabciyarmu tana dukan ƙofa: "Hujan lah, Haji, hujan!" wato ruwa ya sauko, a yarensu. Kafin in kai sama, ruwan da ya ɓullo ta bayan bene ya wanke labun, yana gangara ja cikin magudana. Alhamis da Juma'a bai ɗauke ba. Muka kunna fanka biyu a kan naman, amma fumfuna ta riga mu.

Bayan masallacin Juma'a na gaya wa Malam Bashir. "Ba komai, Baba, sai mu yi tapau a mamak," in ji shi, wato a sayo ƙunshin abinci a gidan abinci.

Shekara shida ina kallon yamma in yi salla a garin nan, don can alƙiblarsu take, amma ban taɓa tunanin hadarinsa ma ba namu ba ne. Da ina yaro na ɗauka wautar Kurege ake yi wa dariya. Yanzu na ga ba wawa ba ne, abin da ya sani ne kawai bai biyo shi ba.

Na taɓa tambayar Inna me Kurege ya ci a shekarar. Ta daɗe tana tona toka kafin ta amsa. "Abin da 'yan garin suka ba shi. In sun ba shi."

Ranar Asabar na je sunan. Aka miƙo mini shinkafa a takarda, na karɓa da hannu biyu.