Aron da Bashir Ya Kawo wa Baffa Chindo

Duk wanda ya tashi a yammacin Gidan Rumji ya san Baffa Chindo, in bai san fuskarsa ba ya san shanunsa. Da kaka, in mun gama ɗaure gero, garkensa ne ke sauka a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Dogo ne siriri, maganarsa sai an ja, amma in aka ɗauko zancen saniya, to ka nemi wurin zama.

Fulani suna da wata al'ada da suke kira habbanaye. In masifa ta share wa mutum garke, ɗan'uwa ko amini zai koro masa aron karsana. Tana wurinsa yana shan nono har ta haihu sau uku, sannan ya riƙe maruƙan ya mayar da uwar. Ba a roƙo, wanda ya roƙa ya zubar da girmansa. Chindo ya ba da irin wannan aro ba iyaka. Shekarar da fari ya kwantar da dabbobi, da ƙafarsa ya kora wa amininsa Hamisu wata jar karsana. Jikokinta aka riƙa sayarwa har ɗan Hamisu, Bashir, ya gama karatun lakol, ya samu aikin buro a Maraɗi, da mota, da garken da wani ke yi masa kiwo.

Sai ɓarayin shanu suka tsallako iyaka. Abin da suka bar wa Chindo ransa ne da sandarsa da igiyar ɗaure maruƙa. Jandarma suka zo suka ga sawu suka koma. Hamisu ya riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka ci arzikin Chindo kuwa wasu an kwashe nasu, wasu suka koyi gaisuwa daga nesa. Chindo ya dawo gari ya kafa bukka a bayan gidanmu. Tun kafin ya gama rufinta ya buga turaku biyu ya miƙe igiyar nan, kullum da safe ya share ƙarƙashinta. Bai roƙi kowa ba, amma har akuyar unguwa ta san abin da yake jira.

Hawan jini ya kama shi. A gidan likita aka ce ya rage tunani, sai ka ce tunani dami ne da za a sauke a bakin rumbu.

Ran da aka ce Bashir na tafe, Chindo ya yi shara sau biyu. Motar ta tsaya, aka gaisa, amma idonsa na kan hanya, ko akwai mai koro wani abu a baya. Ƙura ce kawai ta kwanta. Bashir ya durƙusa ya zaro wayar salula sabuwa fil.

"Baffa, na ji an ce tansiyo, hawan jinin nan, ya matsa maka. Ga wanga, in ranka ya ɓaci ka taɓa nan."

Chindo ya taɓa. Baƙar samaniya ta bayyana a fuskar salular, sai wani koren haske ya sauko yana kaɗawa kamar zanen da aka shanya a iska, gefensa shunayya, da wani kiɗa mai sanyi a ƙasa-ƙasa.

"Mi ke nan, Bashiru?"

"A ƙasashen ƙanƙara haka sama take yi. Wanga dai na'ura ta zana shi, amma ya fi na gaskiyar kyau. Can mutane da shi suke hutawa."

Chindo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na gode, ɗana. Allah shi jiƙan Hamisu."

Ni da ke tsaye raina ya ɓaci har na kasa amsa sallamar Bashir. Mutum mai shanun da bai ma san kamanninsu ba!

Abin da ya fi ba ni haushi, abin ya yi aiki. Bayan azahar Chindo kan shiga bukka ya lulluɓa da mayafi don hasken ya fito sosai. Numfashinsa ya daidaita, ciwon kai ya sauka. Ya taɓa ce mini koren irin na sabuwar ciyawa ne bayan ruwan fari, in ya zuba ido sai ya ga kamar Wule da Saige, manyan shanunsa, za su ɓullo daga ciki. Yana ririta salular, shi ke kai ta wurin mai caji da kansa, ya ɗinka mata jakar fata. Ko tsaga ba ta yi ba. Sharar igiya kuma bai fasa ba.

Damina uku ta wuce a haka. Bana Bashir ya zo bikin suna a Gidan Sori, Chindo ya ce in ɗauke shi a babur. Ya sa farar rigarsa, ya ɗauki sanda. Sai da muka sauka na lura ya yanko guntun igiyar maruƙa ya ɗaure jakar da shi.

Bashir na cikin manyan baƙi a kan tabarma. Chindo ya gaishe shi yadda ake gaida mai garke, ya ajiye jakar a gabansa.

"Ga aronka, Bashiru, lafiya lau kamar yadda ka kawo. Na sha abin da zan sha. Damina uku tana hannuna, ba ta haihu ba."

Bashir ya fara dariya, ya waiga ya ga dattawan Fulanin da ke wurin duk sun sunkuyar da kai, sai ya gimtse. Ya buɗe baki, amma Chindo ya riga ya juya. Ko naman suna bai jira ba.

Washegari da na fito, na tarar ya tumɓuke turakun. Ya miƙo mini su ta kan dangarmu, ya ce in kai cikin gida, busassu ne, za su ci wuta.