Muryar abokina a kunnena

Shekarun baya, lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi a Kasuwar Shanu ta Maiduguri, akwai abu ɗaya da nake gudu fiye da kahon bijimi, wato a miƙo mini makirufo. Ina da in'ina tun ina yaro. Ba irin mai sauƙin nan ba, irin wadda kalma za ta maƙale a maƙogwaro har sai na runtse ido na buga ƙafa. Da shanu ba ni da matsala, domin ba su taɓa ce mini in maimaita ba. Mutane ne aikin.

A ƙarshen damina ta wata shekara sai ciwon huhu ya ɓulla a cikin shanun da ake shigowa da su. Saniya za ta tsaya ta baje ƙafafun gaba, ta miƙa wuya, tana tari kamar tsoho. Allurar rigakafi ta iso, amma makiyaya suka ƙi kawo dabbobinsu, saboda magana ta bazu cewa allurar ce ke kumbura saniya ta kashe ta. Likitan da ke shugabantarmu mutumin Kudu ne, Hausarsa ta gaisuwa ce da ciniki. Ya kira ni ofis ya ce za a yi ɗan bidiyo na minti uku a watsa ta waya, kuma ni zan yi magana, domin a kasuwar aka haife ni, mahaifina dillali ne, kowa ya san fuskata.

Na so in ce masa ba zan iya ba. Kafin kalmar "ba" ta fita daga bakina ya riga ya ce ya gode, ya ɗauki wayarsa.

Ina da aboki Babarbare ɗan garin, tun firamare muke tare. Yana da ɗan shago a unguwar Hausari inda yake haɗa bidiyon biki da na walimar sauka. Wurinsa na nufa da takardar da na rubuta jawabin a kai. Ya rataya wani shuɗin yadi a bango, ya kafa kyamara, ya manna takardar a ƙasanta, ya ce bismillah. Muka shafe fiye da awa guda ban wuce layi na biyu ba. Kalmar "rigakafi" kaɗai ta ci mini rabin ƙarfina. Zufa ta jiƙa rigar da na goge musamman, mai shayin da ke maƙwabtaka ma ya leƙo ya ga ko lafiya.

Na tashi na ce a bar shi, zan je in gaya wa likita ya nemi wani. Abokina ya buɗe durowa yana bincike. Can ya fito da wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa, ya ce iyafis ne, irin wanda masu gabatar da shiri ke sawa a kunne ana karanta musu abin da za su faɗa.

Na ce, "Ni matsalata ba m-mantuwa ba ce."

Ya ce, "Na sani. Amma ka tuna a makarantar allo, idan muna biya karatu tare ba ka tsayawa ko sau ɗaya? Sai an ce ka karanta kai kaɗai. To yau ba kai kaɗai ba ne. Ni zan karanta a hankali, kai ka biyo ni a baya kaɗan."

Shekara ashirin da wani abu ina fama da bakina, ban taɓa lura da wannan ba. Shi ya lura, ya kuma riƙe.

Ya koma bayan labule da wayarsa da takardar, ni kuma na tsaya gaban kyamara da abin a kunnen dama. Muryarsa ta shigo kamar a cikin kaina take. Ya ce "Jama'a, assalamu alaikum," na ce haka. Ya ci gaba, na bi. Sai na ji kalmomi suna fita ɗaya bayan ɗaya, babu maƙalewa. Rigakafi ta wuce ban ma san ta wuce ba. Daɗi ya kwashe ni har na daina tunani, ina bin duk abin da ya shigo kunnena. Shi ya sa a ɗauka ta farko akwai wurin da na kalli kyamara da fuskar likita na ce, "Ciwon huhu yana yaɗuwa ta numfashi, kai ka ɗaga kanka mana, kana kallon ƙasa." Abokina ya fito daga bayan labule yana dariya har da riƙe ciki. Har yau yana da wannan guntun, kuma yakan yi mini barazana da shi.

Yammaci huɗu muka yi muna wannan aiki. Ba a iya bin murya haka nan kawai, sai an saba: idan ya yi sauri in ɓace, idan ya ja sai in yi kamar mai barci. A ranar ƙarshe muka ɗauka sau ɗaya tak daga farko har ƙarshe. Da ya kunna mini na ga kaina ina magana kamar kowa, sai na ce zan je in yi alwala. Na zagaya bayan shagon na tsaya na ɗan lokaci da buta a hannu.

Bidiyon ya zaga. Mahauta suna tare ni suna cewa ashe haka bakina yake. Wasu suka ce Hausata ta koma ta Barebari, kuma gaskiya suka faɗa, domin har lanƙwasar harshen abokina na kwafo. Amma shanu ba su zo ba sai kaɗan. Shugabannin dillalai suka ce mutane suna son su ji daga baki, a rumfar kasuwa, ido da ido.

Ranar taron abokina ya ɗauki keke napep ya sa aka faka bayan rumfar, ya zauna ciki da takarda, ya kira wayata. Na sa abin a kunne, na ja hulata ta rufe shi. Rumfa ta cika da dillalai da makiyaya, mahaifina na zaune a layin gaba da sandarsa. Na yi jawabin tsaf, ko tuntuɓe ban yi ba. Ina shirin zama sai wani dattijo Bashuwe ya miƙe daga baya.

Ya ce, "Ɗana, na ji maganarka. Amma bara an yi wa shanuna wannan allura, ɗaya ta kumbura daga kafaɗa har ƙirji, ta mutu. Ita ce mai ba jikokina nono. Me za ka ce mini?"

Na jira muryar kunnena. Na ji ƙarar takarda ana juyawa, sannan abokina ya ce a hankali, "Babu wannan a nan. Ni ban san saniya ba sai a cikin tukunya. Wannan kai ka sani. Ina kan layi, ban kashe ba."

Na buɗe baki, "Baba" ta maƙale. Na runtse ido a gaban taron da ya fi duk wanda na taɓa tsayawa a gabansa. Da ta fita sai na ci gaba haka nan, ina tsayawa ina tashi. Na ce masa gaskiya ne, allurar takan kumbura wasu shanun, kuma idan aka bar kumburin ba a duba ba yana iya kisa. Na ce kuskurenmu ne da muke yin allura mu tafi ba mu gaya wa kowa abin da zai lura da shi ba. Na ce duk wanda ya kawo shanunsa bana, ni da kaina zan koma rugarsa bayan mako biyu in duba su, idan akwai kumburi in yi magani. Abin da zai ɗauki wani minti biyu ya ɗauke ni kusan goma. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ƙarasa mini kalma. Duk tsawon lokacin ina jin numfashin abokina a kunnena.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Jibi zan kawo su." Ya kuma kawo, wasu suka biyo shi. Na cika alƙawarin, na sha yawon ruga a kan babur har na yi baƙi.

Da yamma a gida, ina cire takalmi a zaure, na ji mahaifina yana ba mahaifiyata labari. Mutum ne da bai saba yabo ba, ko cinikin da ya yi kyau sai ya ce ba laifi. Na ji yana cewa, "Ya tsaya gaban dattawa ya ce mun yi kuskure. Ni shekara arba'in ina kasuwar nan ban ji ma'aikaci ya faɗi haka ba." Bai ambaci in'inar ba ko da kalma ɗaya. Na daɗe a zauren kafin in yi sallama.

Har yanzu ina in'ina, kuma har yanzu idan za a ɗauki bidiyo ina sa abin a kunne, ba na jin kunyar faɗa. Masu tambayata ko yana aiki, yana yi, amma sai an sami mai haƙurin karantawa daidai da numfashinka. Ni na samu. Mutum ya rufe shagonsa yammaci huɗu yana karanta bayanin majinar shanu a bayan labule, sannan ya zauna cikin keke a zafin ranar Maiduguri don kawai kada in tsaya ni kaɗai. Na sha ƙoƙarin yi masa godiya yadda ta kamata, kullum sai ya katse ni ya ce in bari, kada mu kai magariba. Shi ya sa na rubuta ta a nan, inda ba zai iya katse ni ba.