Dutsen da Inna ke hawa ta kira ni

Shekarun da na yi ina ɗinki a Fatakwal, duk ranar Juma'a bayan la'asar wayata kan yi ƙara sau ɗaya ta katse. Inna ce. Ba ta iya karatun boko ba, amma a filashin ko 'yan makaranta ba su fi ta ba. Sai in ajiye almakashi in kira ta.

A lokacin tana zaune wurin ƙanwata, wadda aure ya kai wani gari a bayan Bukkuyum, cikin duwatsu. Garin babu sabis sai an hau dutsen da ke bayansa, a can ɗin ma wuri ɗaya tak yake kamawa. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana. "Ɗan nan, ina bisa dutse," haka take farawa. "Hwaɗi abin da za ka hwaɗi, iska na biɗar ɗauke mini mayahi." Rabin hirarmu "kina ji na?" ne da "kana ji na?", amma da ita nake rayuwa har wata Juma'ar.

Ciwo ya mayar da ita gida Gummi, a nan ta rasu. Ina kan hanya aka kai ta. Na zo gaisuwa, sai na kasa komawa, na buɗe ɗan shago a bakin kasuwa. Mijin ƙanwata kuma ya kwashe iyalinsa zuwa Anka. Garin nan na cikin duwatsu ban taɓa sa ƙafa a cikinsa ba.

Akwai majalisar da nake zama da yamma, ta waɗanda muka yi firamare tare. Mutanen kirki ne, sai dai na daɗe ba na nan. Su kwashe da dariya kan abin da ya faru ina Kudu, ni ma in buɗe haƙora don kada a ce ina da girman kai. Bayan wata babbar Sallah suka ce a tafi yawon buɗe ido, a ga duwatsu, a ɗauki hotuna. Lokacin ba a fara tsoron hanya ba. Da na ji sunan garin, ni na riga kowa cewa da ni. Ban gaya musu dalili ba. So nake in tsaya daidai inda Inna ke tsayawa, in ga abin da idonta ke gani idan tana yi mini magana. Na tambayi ƙanwata wurin, ta ce ita ba ta taɓa hawa ba, da matan maƙwabta Inna ke tafiya.

Muka cika mota, ƙafata a kan kular abinci. Daga Bukkuyum kwalta ta ƙare, muka shiga jar hanya, gero ya tsaya gefe da gefe ya fi motar tsayi. Garin ƙarami ne, gidajen ƙasa sun maƙale a gindin dutsen, awaki na yawo a kan katangu. Masu yawon buɗe idon nawa kuwa, da suka ɗaga kai suka ga tsayin dutsen, sai idon ya buɗe ya isa haka. Suka shimfiɗa tabarma a inuwar wata tsamiya, aka buɗe kula. Wanda ya fi kowa cika baki a mota shi ya fara cewa gwiwarsa na ciwo.

Na bar su na zaga bayan gari. Wani dattijo na zaune a ƙofar gidansa yana tufka igiya. Muka gaisa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wurin wa kaz zaka?"

"Ba wurin kowa ba, Baba. Dutse na zo gani."

Da alama bai taɓa jin baƙon da ya zo gari ba mai masauki ba. Na kwatanta masa Inna: doguwa, mai ɗan ɗingishi, 'yar Gummi, tana hawa duk Juma'a.

"Tsohin da ka hawa suna da yawa, yaro. Kowace da ɗanta wani gari." Ya nuna gabas da haɓa. "Tun da anka kahwa ƙarhen ga, ba mai hawa. Yanzu ko cikin ɗaka kake, shina kamawa."

Na waiwaya, sai ga dogon ƙarfen sabis, ja da fari. Na tambaye shi ina ne wurin da yake kamawa a da. Ya ce shi bai taɓa riƙe waya ba, amma ya ji ana cewa a ɗaga ta sama a yi ta tafiya, inda ta kama nan ne.

Hanyar hawan ta rufe da ciyawa, ƙarangiya ta cika mini wando. Na huta a hanya ina haki, ni da ba na ɗingishi. Da na kai sama sai na ga ba tsini ba ne kamar yadda na zata, wani shimfiɗaɗɗen falalen dutse ne mai faɗin filin ƙwallo, duwatsu birjik a kansa, kowanne ya isa tsohuwa ta zauna. Babu kowa sai iska da ƙadangaru. Daga ƙasa ana jiyo dakan wata mata.

Na ciro wayata na ɗaga sama. Sabis a cike. Na matsa gabas, a cike. Na koma yamma, na leƙa bayan wani ƙaton dutse, na durƙusa, na miƙe, ko'ina a cike yake fal. Na yi ta zagaye da hannu a sama kamar mai neman lafiyar hammata, ina roƙon ko sanda ɗaya ta sabis ɗin ta sauka, ko ta nuna mini nan ya fi can. Wallahi ban taɓa jin haushin abu mai kyau ba irin na ranar. Ƙarfen da ya hutar da tsofaffin garin ya share mini wurin ƙaf.

Daga ƙarshe na zaɓi wani dutse mai santsi na zauna, na ce wa raina wataƙila shi ne. Raina bai yarda ba. Kewa ta taso mini wadda ko ranar gaisuwa ban ji irinta ba, na yi kuka sosai, tunda ba mai gani.

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Ɗaya daga cikin 'yan majalisa ne.

"Mutumin Kudu, ko aljannu sun riƙe ka? Sauko mu tahi, mun rage maka nama."

Muryarsa ta fito tar, kamar yana zaune kusa da ni. Na ce ga ni nan.

A mota suna ta miƙa wa juna wayoyi ana kallon hotuna. Wani ya tambaye ni ko akwai abin gani a saman, na ce duwatsu ne kawai. Har yau ban san a kan wanne Inna ke zama ba.