Alimun ɗin Hajiya da ruwan Jakara

Shekarun baya, lokacin da Kano ta shiga halin nan na tashin bama-bamai, ga shingen sojoji ko'ina ga dokar hana fita, an yi wata 'yar dambarwa a gidanmu a kan kwalbar ruwan kwata. Eh, ruwan kwata. Ku gyara zama.

Gidanmu a Jakara yake, rafin nan da duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Kurmi ya san warinsa kuma ta bayanmu ya bi. Mu da muka tashi a wurin hancinmu ya daɗe da yin ritaya. Baƙo kuwa in ya zo, gaisuwarsa gajera ce. Ruwan baƙi ne wuluk, sauro ma in ya faɗa sai ya fito yana neman sabulu.

Ɗakin kakata Hajiya shi ne na ƙarshe a gidan, ginin ƙasa ne, bayansa yana kallon rafin. Laka da shara sun cike wajen, don haka duk damina sai ruwa ya tumbatsa ya dinga cin gindin katangar. A shekarar nan magini ya duba ya ce in ba a yashe rafin ba kafin ruwa ya sauka, shi dai ba zai kwana a ɗakin nan ba. Hajiya ta ce dama wa ya gayyace shi. A nan aka kawo ta amarya, a nan ta haifi mahaifinmu, ba inda za ta.

To yayata a lokacin tana digiri na biyu a jami'a, tana cikin masu binciken rafin. Da can kowane mai bincike sakamakonsa na hannunsa, wani bai san abin da wani ya samo ba. Sai suka haɗa rumbu guda a kwamfuta, duk wanda ya auna ruwa a ko'ina can zai zuba. Kwamfutar kuma ta fito da taswirar rafin da ɗigo-ɗigo: inda ya ɓaci ja, inda yake da dama-dama rawaya, mai kyau kore. Masu aikin yashewa sun ce ba za su iya ko'ina a shekara ɗaya ba, taswirar za su bi, su fara da ja. Mu kam hankalinmu kwance. In ana rabon ja, mu da sarauta za a ba mu.

Matsalar ita ce ɗibar ruwan. A wannan zamani ka ga ƙato da kula cike da kwalabe yana leƙen ƙarƙashin gada, ai kafin ya ce "bincike" ya ji shi a bayan mota. Ɗaya daga cikin masu binciken sai da ya yini a zaune a rana gaban shinge. Shi ne aka ce kowace unguwa mutanenta su dinga ɗiba. A tamu unguwar, ni ce na samu muƙamin. Ina ƙaramar sakandare, aka ba ni safar hannu da ɗan guga mai igiya. Wayyo, ranar ko gaisuwar ƙawayena da ƙyar nake amsawa. Na ce musu daga yau a dinga ce min Dakta.

Da la'asar nake ɗiba ta kan 'yar gadar bayan gida. Saboda dokar hana fita Yaya ba ta iya kai kwalbar jami'a a ranar, sai ta kwana a gindin randar Hajiya inda ya fi ko'ina sanyi, da safe ta saka a jaka ta wuce. Kwalaben masu duhu ne, ba a ganin cikinsu.

Bayan 'yan makonni Yaya ta dawo fuskarta a murtuke. Ko hijabi ba ta cire ba ta buɗe kwamfuta ta ce, "Zo nan, Dakta."

Na leƙa. Rafin ja ne tun daga sama har ƙasa kamar an yanka rago, sai ɗigo guda kore shar a tsakiya.

"Kai, su wane ne waɗannan 'yan gatan?" na ce.

"Mu ne."

Ta ce malaminta ya kira ta ya tambaye ta ko ruwan yana tsayawa ya yi wanka a bayan gidanmu ne kafin ya wuce. Unguwar da ke samanmu baƙi, ta ƙasanmu baƙi, mu garau. In ba a gano dalili ba, ko dai a bar mu a kore ko a cire sakamakonmu gaba ɗaya, kuma ko wanne aka yi ba ma cikin waɗanda za a yashe wa.

"Gaya min gaskiya, ƙiwa ce ta sa kike cika min kwalba a famfo?"

Jama'a, na san ni ba waliyyiya ba ce. In nama ya ɓata a tukunya ni ake fara kallo, kuma yawanci ba a yi kuskure ba. Amma wannan karon wallahi hannuna fes. Na rantse, na yi kuka, na nuna mata siket ɗina da har yanzu kaji ke gudunsa. Mahaifiyata ta ce, "Ki bar rantsuwar nan, mun san ki." Kun ji fa. Uwar da ta haife ni.

Ranar ɗiba ta gaba Yaya da kanta ta tsaya a kaina, na jefa guga, na cika kwalba da ruwa mai kama da tawada, muka ajiye a gindin randa. Ta tafi yin alwala. Ni kuma na tuna na bar safar hannuna a ɗakin, na koma.

Ina ɗaga labule na ga Hajiya zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa. Ta juye ruwan a tsohon kwano, tana kankare alimun da wuƙa a ciki, farin dutsen nan da ake sa wa ruwan rijiya ya kwanta. Ga wani tsumma fari a gefe na tacewa. Har 'yar waƙa take yi.

"Hajiya! Me kike yi?"

"Ke ja'ira, rufe min labule, kin tsorata ni."

Na kwarma ihun da na tabbata sojojin bakin kasuwa sai da suka gyara tsayuwa. Yaya ta shigo da gudu hannu jiƙe. Ta kalli kwano, ta kalli alimun, sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Hajiya, tun yaushe?"

"Tun ranar farko mana. Na buɗe na shinshina na ce wannan abin za ki kai wa malamai? A jami'a? Ba ke kika ce duk duniya za a gani a na'ura ba?"

"Ai shi ake so a gani, Hajiya."

"A ga me? A ce ga ruwan unguwar su wance? Ke ko kunya ba kya ji? Ni tunda nake ban taɓa barin kwano ya fita daga gidan nan da datti ba. Ko bara aka zo yi sai na ɗauraye. Balle abin da za a kai gaban manya."

Na ce, "To ai ga shi kin sa an ce ni ce ɓarauniya."

"Ke dama ai ita ce. Yau dai aka yi rashin sa'a."

Yaya ba ta yi faɗa ba, ita ta san kan tsohuwarta. Ta ɗauko kwamfutar ta ɗora mata a cinya, ta bi rafin da yatsa tana faɗa mata sunan kowace unguwa. Hajiya ta matso da fuska har hancinta na taɓa gilashi. Ta tambayi unguwar wata ƙawarta da kullum ke mata gorin sharar ƙofar gida. Yaya ta nuna mata. Ja zur.

"Allah sarki," in ji Hajiya, da wani murmushi da bai yi kama da tausayi ba.

"Duk masu jan nan za a zo a yashe musu, Hajiya. Mu kuma na'ura ta ce lafiyarmu ƙalau, ba ma bukata. Katangarki kuma kin ji abin da magini ya ce."

Hajiya ta ɗago kai daga kwamfutar. Ta juya ta kalli bangon, inda danshin bara ya bar zane har ƙugun mutum. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta naɗe alimun ɗinta a tsumma ta tura ƙarƙashin gado.

"To," ta ce, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke ja'ira, ɗauko gugarki kafin a hana fita."

Ranar nan Hajiya da kanta ta raka ni, da sandarta da mayafi. Tana ta nuna min wani lungu inda ruwan ya fi kauri, wai can zan jefa. Yaya ta ce a'a, inda aka saba ɗiba nan za a ɗiba, kada a gyara kada a ɓata. Hajiya ta ce ko ɗan baƙin tukunya ba za a ƙara ba? Yaya ta ce ko ƙwaya. Daga ranar kwalba ta koma kwana a ɗakin Yaya, da kwaɗo a ƙofa.

Malamin ya yi dariya har da hawaye, in ji Yaya, ya sa aka yi wa tsofaffin sakamakon alama aka bar su a rumbun da bayanin abin da ya faru. Sababbin suka shiga, ɗigonmu ya koma ja, mahaifiyata ta ba ni haƙuri da ƙafar kaza. Kafin ruwan farko masu yashewa suka iso bayan gidanmu da shebur da baro. Abin da suka fitar, in na faɗa za ku ce ƙari nake. Damina ta zo ta wuce, katanga tana tsaye.

Yanzu da na ɗan yi hankali, ɗan kaɗan dai, nakan tuna cewa da sakamakonmu shi kaɗai yake a hannun Yaya, da murna za mu yi ta yi da ruwanmu mai kyau har bango ya faɗo. Da aka jera shi kusa da na maƙwabta ne aka ga ba zai yiwu ba. Kuma ban taɓa jin haushin Hajiya ba. Mu mutane ne da aka koya wa rufa wa gida asiri, ko tuwo babu a ɗora tukunya a ga hayaƙi. Tarbiyya ce mai kyau, kuma da ita ta rufa mana asiri shekara da shekaru. Wuri ɗaya ne kawai ba ta da amfani, gaban wanda ya zo yi maka magani.

Hajiya tana nan a ɗakinta, lafiya lau. In baƙi suka zo takan ba su labarin yadda ta sa aka yashe Jakara, ita kaɗai, da sandarta. Ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai, don duk wanda ya musa ba ya samun tsarabar goro.