Ƙulle-ƙullen Zanen Yaya Habsu

Duk wanda ya san Yaya Habsu a Tarka ya san ba ta cin tumatir sai ta matse 'ya'yan a tsumma, ta shanya, ta ƙulle a bakin zane. Zanen nan ƙulli bisa ƙulli, sai ka ce mai tallar layu. Ni ƙanwarta na sha kunya, wallahi!

Ran nan a kasuwar Tanut wani Buzu ya sauke kaya daga Agadas, ya yar da ruɓaɓɓen tumatir. Yaya ta riga akuya isa wurin.

"Haba Yaya, mutane na kallo!" na ce.

"Su kalla. Ita ci za ta yi, ni shukawa."

Akwai wani ɗan mitsitsin tumatir mai tsamin tsiya da ke fitowa da kansa a juji bayan gidanta. Mijinta Malam Isa ya ɗauko hauya zai nome shi, ta tare gabansa, hannu a ƙugu.

"Malam, wa ya taɓa ba shi ruwa?"

"Ba kowa."

"Shi za ka kashe? Kai da ko alwala sai an miƙo maka buta?"

Bayan samun mulkin kai aka kawo iri mai manyan 'ya'ya daga Damagaram, kowa ya watsar da na gado. Yaya ta karɓa, ta shuka shi daf da ɗan jujinta. "Yau maƙwabta, gobe surukai," in ji ta. "Mai iri ɗaya maraya ne." Muka yi ta dariya.

Sai ga shekarar da rijiyoyi suka ja baya, cuta ta nannaɗe ganye, manyan nan duk suka ƙone. Ni ina cikin takaba, ga yara, kuma busasshen tumatir ɗin da nake kaiwa kasuwa shi ne tuwonmu. Ina zaune bakin garka ina kuka ta zo, ta kwance ƙulli guda.

"Ungo jikan ɗan juji. Ruwan wanke-wanke ma ya ishe shi. Tashi, hawaye ba ban-ruwa ba ne."

Ya kuwa yi! Miyar shekarar nan ta sa kowa runtse ido don tsami, amma 'ya'yana ba su kwana da yunwa ba.

Ranar da Yaya ta rasu muka yi mata wanka, na duba zanen, ban sami ƙulli ko ɗaya ba. Ashe duk ta bi gida-gida ta rabar.

Allah ya jiƙan Yaya. Yadda ta rufa mana asiri, Allah ya rufa mata nata, ya shayar da ita ruwan Aljanna.